Gandun Dajin Kamuku

Gandun Dajin Kamuku dajin gwamnatin tarayya ne da ke ƙasar Birnin Gwari a Jihar Kaduna, maƙwabciyar Ƙaramar Hukumar Sabuwa ta Jihar Katsina. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Hukumar En'e ce ta fara keɓe shi a 1936, sannan ya zama gandun daji na ƙasa a 1999.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai duwatsu sun yi tsiri-tsiri a cikinta. Fitattu su ne Goron Dutse da Tsaunin Rema, ga kuma ruwan da ke kwararowa daga kan dutse a Dogon Ruwa. An san dajin da giwa, gwanki, kanki, gada, mugun dawa da gogon biri, kuma an ƙidaya tsuntsaye iri 177 a cikinsa.

Da akwai zaman lafiya, wuri ne da mai doguwar tafiya a keke zai so ya ratsa. Amma ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun daɗe da mayar da shi maɓoya, har gwamnonin yankin suka haɗa kai da sojoji aka kai farmaki a 2015.