Kwamfutar Asibitin Soja: Sai An Gwada Ake Bazawa

Wani mai sauraronmu daga Kura yana tambaya: da an sayo kwamfuta, sai a baza ta asibitocin soja?

To Malam, ga yadda Amurka ta yi. A 2015 ta ba da kwangilar dala biliyan 4.3 don adana bayanan majinyatan soja. A 2017 aka fara gwaji a asibitoci huɗu na jihar Washinton. Rahoton 2018 ya ce tsarin bai nuna ba. Aka tsaya gyara, ba a gama bazawa ba sai 2024.

Ai ka sani, a Kadawa aka fara gwada noman rani kafin ruwan Tiga ya game Kura da Bunkure. Balle asibiti, inda kuskuren magani ɗaya kan ci rai.