Duwala: Mulkin Soja Ba Tare da Juyin Mulki Ba

Masu nazarin siyasar Afirka sukan kasa ƙasashe gida biyu: waɗanda sojoji suka ƙwace mulkinsu, kamar Najeriya a 1966 da Nijar a 1974, da waɗanda suka tsira. Bisa wannan ma'auni, Kamaru tana cikin rukuni na biyu, domin tun samun 'yancin kai a 1960 shugabanni biyu kacal ta yi, Ahmadu Ahijo da Paul Biya, kuma dukkansu farar hula ne. Ko yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu, 1984 bai yi nasara ba. Sai dai tarihin birnin Duwala yana nuna cewa soja na iya mulkar talaka ba tare da ya hau karaga ba.

Unguwar New Bell, wadda Jamusawa suka shata gab da ƙarshen mulkinsu, ta zama matattarar baƙi, ciki har da fataken Hausawa. A nan ne jam'iyyar UPC, wadda aka kafa a Duwala a 1948 don neman 'yanci, ta yi ƙarfi. A watan Mayu na 1955 tarzoma ta ɓarke, Faransawa suka murƙushe ta da bindiga, sannan suka haramta jam'iyyar a watan Yuli. Daga nan wasu 'ya'yanta suka ɗauki makami, kuma yaƙin ya zarce har bayan 'yanci. Hausawan birnin sun shiga tsaka mai wuya, domin ana yi musu kallon mutanen Ahijo saboda addini da alaƙarsu da Arewa. Masu tarihi suna danganta gobarar da ta cinye unguwar Kwango ranar 24 ga Afrilu, 1960 da wannan rashin jituwa. Da hujjar yaƙin ne Ahijo ya kafa dokar hukunta masu zagon ƙasa a 1962, ya kuma mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1966.

Guguwar dimokuraɗiyya ma daga Duwala ta taso. A Fabrairun 1990 aka kama lauya Yondo Black da abokansa a kan shirin kafa jam'iyya, kuma kotun soja ce ta yi musu shari'a. Ƙarshen shekarar aka halatta jam'iyyu, amma Biya ya ƙi amincewa da babban taron ƙasa irin wanda aka yi a Benin da Nijar. 'Yan adawa suka kira yajin aikin gama-gari na 1991, wanda ya rufe kasuwanni tsawon watanni. Gwamnati ta mayar da martani da ɗora larduna bakwai daga cikin goma a ƙarƙashin kwamandojin soja. Ɗan kasuwa ya rasa tudun dafawa: in ya buɗe shago ya gamu da fushin matasa, in ya rufe ya gamu da na hukuma.

An sake bin wannan hanya a 2000, sa'ad da aka kafa runduna ta musamman don yaƙar 'yan fashi a Duwala. A hannunta ne samari tara na unguwar Bepanda suka ɓace a Janairun 2001. A Fabrairun 2008 kuma, tsadar rayuwa da shirin gyara kundin tsarin mulki suka fito da jama'a kan tituna, aka yi arangama har a gadar Wuri da ke haɗa Deido da Bonaberi. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100. A watan Afrilu aka soke iyakar wa'adin shugaban ƙasa.

Saboda haka, bai wadatar mai nazari ya tambayi irin tufafin da shugaba yake sawa ba. Wajibi ne ya duba kotun da ke hukunta farar hula, da wanda ake turawa titi idan jama'a suka yi kuka, da kuma ko ƙuri'a tana iya sauya shugaba.