Gawa a Ɗakin da Ke Kulle

Tun ina ɗalibi nake ƙaunar labarin da ake tarar da gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki. Ba'amurke Edgar Allan Poe ne ya share wannan fage a 1841 da wani labarinsa: an kashe uwa da 'yarta a wani bene a Paris, ƙofa a garƙame, makulli a ciki. Mai bincike Dupin ya tsura wa taga ido har ya gano karyayyar ƙusa. Ashe wani ƙaton biri ne ya shiga ta nan ya fita. Har yau ƙusar nan tana burge ni fiye da birin. Daga baya, a 1935, marubuci John Dickson Carr ya ware babi guda a wani littafinsa yana zayyana dabarun irin wannan kisa.