Abin da ake sokewa da abin da ba ya sokuwa

A harshen Hausa kowace sokewa da kalmarta. Sarki ana tuɓe shi, alkawari ana warware shi, doka ana soke ta. Malaman Tawa da ke karantar da Risala sun daɗe da rarrabe wannan babi: uba yana iya karɓe kyautar da ya yi wa ɗansa, amma ban da sadaka. Mai wasiyya yana iya janye ta muddin yana raye. Saki ɗaya yana da kome, saki uku ba shi da shi. Ƴanta bawa kuwa, da zarar baki ya furta, ba ya komawa.

Tarihin Adar ya jarraba wannan ƙa'ida ta ƙarshe. A ƙarni na 19, talakawan arewacin Adar suna ƙarƙashin ikon Abzinawan Kel Dinnik, bauta kuma ta zama ruwan dare. Faransa ta hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, amma ita kanta ta riƙa ɗibar mutane aikin tilas, sai a 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke shi. Nijar ba ta mai da bautarwa babban laifi a dokokinta ba sai 2003.

Duk da haka al'ada ba ta saki ba. A yankin Ƙonni, kudu da Tawa, an sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar ƴanci, sa'an nan ya hana ta tafiya, wai matarsa ce. Ya nemi ya karɓe da sunan aure abin da shari'a ta hana shi karɓewa. Da ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10.

Shekara 103 ke nan tsakanin dokar 1905 da wannan hukunci. Alƙalami kan soke doka a yini guda, amma abin da ya zauna a zukata sai malami da alƙali da sarki sun taru a kansa.