Matsin Ruwa a Cikin Ƙoda: Tarihin Wani Ɓoyayyen Haɗari na Tiyatar Tsakuwa

Cire tsakuwa daga mafitsara tsohon aiki ne. Abul-Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya bayyana shi dalla-dalla a littafinsa At-Tasrif. Ƙoda kuwa ta daɗe masu fiɗa na shayin taɓa ta, har 1880 lokacin da Henry Morris ya tsaga ƙodar wata mata a Landan, ya ciro tsakuwa, matar kuma ta warke. Haɗarin wancan zamani kowa na ganinsa da ido: zubar jini da ruɓewar miki.

Haɗarin da ba a gani ya fara bayyana ne ta hanyar hoto. A 1906 Voelcker da von Lichtenberg a Jamus suka soma ɗura ruwa mai sinadarin azurfa ta bututun fitsari zuwa ƙoda domin ta fito a hoton eksire. Wasu majinyata suka jikkata, wasu ma suka rasu. A 1924 Frank Hinman da Lee-Brown a Amurka suka gwada a ƙodojin dabbobi, suka nuna cewa idan matsi ya yi yawa a ramin da fitsari ke taruwa, ruwan yakan keta gefen ramin ya faɗa jijiyoyin jini. Ashe ƙoda ba tulu ba ce. Tana da ƙofar baya.

Wannan darasi ya yi shekaru hamsin a gefe, domin tiyatar buɗe ciki ba ta buƙatar ɗura ruwa. A 1976 Fernström da Johansson a Suwidin suka ciro tsakuwa ta ƙaramin huji a kwiɓi, a 1980 kuma Pérez-Castro a Madrid ya shigar da siririn madubi ta hanyar fitsari har kusa da ƙoda. Duk dabarun biyu sun dogara da ruwan gishiri da ake kwararawa don likita ya ga gabansa, ya wanke jini da garin tsakuwa. Da hasken leza na holmiyum ya yaɗu a shekarun 1990, aikin ya ƙara tsawo, ruwan da ake turawa ya ƙaru.

Nan ne batun ya dawo da ƙarfinsa. Matsin ramin ƙoda mai lafiya kaɗan ne, kuma likitoci sun daɗe suna ɗaukar kimanin milimita 30 na ma'aunin zaiba a matsayin iyakar da ruwa ke fara komawa jini. Sirinjin hannu yana iya ninka wannan sau da yawa cikin daƙiƙa. Idan tsakuwar na ɗauke da ƙwayoyin cuta, sai su bi ruwan su shiga jini. Majinyaci ya tashi da zazzaɓi da rawar ɗari, wani lokaci hawan jininsa ya faɗi ƙasa warwas. Abin lura, adadin nan na 30 ya samo asali ne galibi daga gwaje-gwajen dabbobi, kuma tsawon lokacin da matsin ya ɗauka yana da nauyi kamar girmansa.

Maganin farko ya fito daga Japan a 1974, inda Takayasu da Aso suka sanya kube a bututun ƙoda don sauƙaƙa shigar madubi; daga baya aka fahimci kuben yana ba ruwa mafita. Likitocin Sin suka haɗa shi da na'urar zuƙo ruwa, sannan a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da LithoVue Elite, madubin da ke auna matsin ƙoda yana nuna shi a allo yayin da ake aiki.