Bayan An Kwance Mari: Ina Labarin Waɗanda Suka Fito?



A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, wanda ake kira makaranta. Suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Kafin wata guda ya cika an buɗe irinsa a Daura da garin Katsina da Zariya, da wani a Rigasa inda aka fitar da mutum 147. Daga nan sai Ilori da Ibadan. Zuwa Nuwamba waɗanda aka sako sun doshi 1,500.

Gidan mari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun taso muna jin ana tsorata yaro mai ƙiriniya da shi. Amma kada a haɗa shi da tsangaya. Ƙasarmu ta Katagum tana kan hanyar gabas, wadda masu neman haddar Alƙur'ani suka daɗe suna bi, kuma mun san darajar alarammomi. Gidan mari daban yake: wuri ne da ake kai wanda aka ce ya gagari gida, ko mai shaye-shaye, ko mai taɓin hankali, a ɗaure shi da sunan gyaran hali.

Me ya sa suka yawaita? Shan kodin da tiramol ya yi ƙamari, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Asibitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan kaɗan ne, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano. Uban da ɗansa ya rikice ya rasa inda zai nufa, sai ya miƙa shi ga wanda ya yi masa alkawarin shiriya, ya kuma biya kuɗi.

An rufe gidaje da yawa, an kai wasu masu su kotu. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Wannan ci gaba ne. To amma mutanen fa? Mun ga hotunansu a Facebook na mako biyu, sai ƙura ta lafa. Kowa ya koma unguwarsu da tabonsa, ana nuna shi da baki.

A nan tarihin ƙasar Kanada zai amfane mu. Fiye da shekara ɗari gwamnati da coci-coci suna tafiyar da makarantun kwana na 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, mutanen da Turawa suka tarar a can. Yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu. Aka aske musu gashi, aka canza wa wasu suna, aka riƙa dukansu in sun yi yarensu. Sama da 4,000 aka tabbatar sun mutu a can. Sai cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe.

Rufewar ba ta warkar da kowa ba. Waɗanda suka fito da ransu ne suka kai ƙara, har aka yi yarjejeniyar biyan diyya a 2006. Ranar 11 ga Yuni 2008 Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a gaban majalisa. Hukumar gaskiya da sulhu, ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, ta zaga ƙasar ta saurari mutum sama da 6,500, ta fitar da shawarwari 94 a 2015. A 2022 Fafaroma Francis ya je da kansa ya nemi afuwa.

Wata mata, Phyllis Webstad, ta ba da labarin yadda aka ƙwace mata sabuwar riga ruwan goro da kakarta ta saya mata, ranar da ta shiga makarantar tana shekara shida, a 1973. Daga labarin nan aka fara sa riga ruwan goro duk ranar 30 ga Satumba, kuma tun 2021 ranar ta zama ta tunawa a hukumance. Jami'o'i ma ba su zauna a gefe ba. A Jami'ar Manitoba aka adana bayanan da mutanen suka bayar. Jami'ar Algoma kuwa cikin ginin ɗaya daga tsoffin makarantun take, kuma tsoffin ɗaliban suna taruwa a can.

Abin ba iri ɗaya ba ne. A Kanada hukuma ce ta ƙwace yara don ta shafe yarensu da al'adarsu. A wurinmu iyaye ne suka kai da hannunsu, yawanci cikin ruɗu da neman mafita. Shi ya sa sulhun da muke buƙata ya fi kusa da gida: tsakanin uba da ɗa, tsakanin unguwa da wanda ya dawo. Amma darasin ɗaya ne. Ba a yin sulhu sai an saurari wanda aka cuta. In ana so a ce masa ya yi haƙuri, a fara barinsa ya faɗi abin da ya same shi.

Allah ya albarkaci yankinmu da manyan makarantu: Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya a Azare, da jami'ar jiha a Gadau. Muna kira ga malamai da ɗalibanmu da ke can su ɗauki wannan tarihi da muhimmanci. A rubuta bayanin duk wanda ya yarda ya yi magana, a sakaya sunansa. A ware rana guda a shekara a tattauna, a gayyato likitoci da alarammomi su zauna tabarma ɗaya.

Mu kuma a unguwanni namu aikin ya fi sauƙi. Wanda ya fito daga irin wannan gida, kada a kira shi da sunan abin da ya wuce. A koya masa sana'a, a ba shi wuri a majalisa, in ya nemi aure a duba halinsa na yau. Wanda ɗansa ya shiga shaye-shaye ko ya samu taɓin hankali, mu raka shi asibiti kafin wani ya nuna masa hanyar mari. Ɗa na kowa ne.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya