Tsakuwar maɗaciya: abinci da magani

Maɗaciya 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tana tara ruwan ɗaci mai narkar da maiƙo. Idan ruwan ya daskare sai ya zama tsakuwa. An fi samunta ga mata, masu ƙiba da masu sikila.

Ciwon kan taso bayan cin abu mai maiƙo, kamar ƙosai, fanke, soyayyen nama ko tuwo da man shanu. Yana kama gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa, daga minti 30 zuwa 'yan awoyi. Da yawa kan ɗauke shi gyambon ciki ne, su yi ta shan kanwa a banza.

Rage man gyaɗa, yawaita ganye da wake, da cin abinci kaɗan-kaɗan na rage tashin ciwon, amma ba sa narkar da tsakuwar. Hoton ekografi ke tabbatar da ita. Maganinta tiyatar cire maɗaciyar, hanta kuma ta ci gaba da aikinta.

Mazauna Kance da suka ga zazzaɓi, idanu sun yi rawaya, ko ciwo ya wuce awa 6, su garzaya asibitin Matameye, inda akan tura mai tsanani babban asibitin Damagaram.